Mai Takaba da Motar Caji

Mutanen Unguwar Ɗinya, wani ƙauye da ke bayan Yako, motar Uzairu suke ce mata, amma babu wanda bai san da gonar wa aka saye ta ba. Fadamar da matarsa Muhsina ta gada wajen mahaifinta aka sayar, Uzairu ya tafi Kano ya dawo da wata 'yar farar mota wadda ba ta shan fetur, sai dai a yi mata caji kamar waya. Ba ta ƙara, ba ta hayaƙi. Ranar da ya kawo ta, sai da ya tsaya a ƙofar gida sannan tsofaffin da ke zaune a gindin ɗinya suka lura mota ta shigo gari.

Abin da ya ba mutane dariya shi ne garin ba wuta. Tun shekarar da taransifoma ta ƙone, wayoyin lantarki suka zama wurin hutawar kurciyoyi. Amma Uzairu ya yi shirinsa. A bakin titin Bebeji akwai injin casar shinkafa na Malam Mujitaba, wanda rufinsa duk farantan sola ne. Can yake kai motar ya jona, shi kuma idan zai kai fasinja Kano sai ya ɗora wa Malam Mujitaba 'yan buhuna a baya ya sauke wa masu shaguna. A haka suka ci rani guda lafiya lau. Har ya koya wa Muhsina tuƙi a filin firamare da yamma, mata na leƙowa ta kan katanga.

Da ruwan shuka ya sauka, zazzaɓi ya kwantar da Uzairu. Bai daɗe a kwance ba ya cika.

Muhsina ta shiga takaba yadda ake yinta a gidan, Inna Tani uwar mijinta na kula da komai. Ba kitso, ba lalle, ba kwalli, ba turare. Zane mai duhu da tsohon mayafi. Idan za ta fito tsakar gida sai da 'yar wuƙa a hannu. Ba ta ɗaga murya, kuma ba ta magana da namijin da ba muharraminta ba. In tana da saƙo, a kunnen Inna za ta faɗa, Inna ta isar. Fita ƙofar gida kuwa ba a ma kawo zancenta. Duk wannan bai dami Muhsina ba. Dama ita ba mai surutu ba ce, kuma ba wanda take marmarin gani. Ta zauna a ɗakinta da 'yarta Sumayya, tana jan carbi, tana kuka idan yarinyar ta yi barci.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakat. Uzairu ya sha gaya mata, "Kin ga wannan, ko a ajiye take tana cin cajinta a hankali. In batirin ya mutu ƙurmus aka bar shi a haka, ya lalace ke nan. Kuma batirin shi ne motar, sauran duk gwangwani ne."

Motar na garken baya, inda ake ɗaure shanu a da, mai faffaɗar ƙofar kwano. Muhsina takan je bayan ta idar da sallar asuba, ta buɗe, ta danna maɓalli ta duba allon da ke gaban sitiyari. Layin da ke nuna caji kore ne lokacin rasuwa. Ya zo ya koma ruwan ɗorawa. Ranar da ta ga ya zama ja, ta samu Inna ta ce a taimaka a gaya wa Yaya Ghali.

Ghali shi ne yayan Uzairu, ɗan farin Inna, kuma shi ne babba a gidan yanzu. Ya zo ya tsaya a tsakar gida, Muhsina na bayan labule tana ji.

"Mota a ajiye me za ta ci, Inna? Babur ɗina in na jingine shi wata guda, man da na bari shi zan tarar."

"Ni ma haka na ce. Ta ce wannan ba haka take ba."

Ghali ba mugun mutum ba ne, kuma ba ya son a ce an kawo masa kuka ya kasa. Ya je ya aro 'yar janaretar mai cajin waya, ya ɗauko ta a bayan babur. Aka zaro wayar cajin daga but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan motar, aka jona, aka ja igiya. Janareta ta ɗauka, ta yi gurnani, ta turnuƙe garken da hayaƙi. 'Yar fitilar da ke jikin wayar ta ƙifta ja, janareta ta mutu. Aka sake, haka. Aka sake kuma, har gumi ya jiƙa wa Ghali riga.

Ya ce, "Injin da ke cajin wayoyin garin nan kaf, shi wannan abar ta raina."

Da yamma ya dawo da wata magana.

"Inna, ki gaya mata na yi waya da Maikano. Dillalin motoci ne, ya san kansu. Jibi zai zo ya tafi da ita Kano, ya ajiye mata inda akwai wuta har ta fita takaba. Makulli kawai za ta bayar."

Muhsina ta tuna da kayan da aka riga aka kwasa. Ran sadakar bakwai an ɗauki injin ban-ruwan Uzairu da tsohon babur ɗinsa, aka ce za a ajiye kada su lalace. Injin yanzu yana fadamar surukin Ghali yana ta aiki. Babur ɗin kuwa maƙwabciyarta Bushira ta ce an gan shi a kasuwar Kiru da wani a kai. Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya yi faɗa. Kaya dai sun fita daga gidan, kuma ba ta ga wanda ya dawo ba.

Ta raɗa wa Inna, "Ki ce masa na gode. Zan yi tunani."

Washegari rana ta fito tas, ba ko ɗigon gajimare. Muhsina ta yi wa Sumayya wanka, ta miƙa wa Bushira ita ta kan katanga tare da kwanon dambu. Ta yafa tsohon mayafinta, ta je ta zare sakatar ƙofar garke. Ƙarar kwanon ce ta fito da Inna daga madafa, da ludayi a hannu.

"Ke 'yar nan, ina za ki?"

"Injin Malam Mujitaba, Inna. Zan kai ta caji."

"A cikin takabar?"

"A cikinta."

Inna ta zo ta tsaya a tsakiyar ƙofar. "Ƙasar kabarin ɗana ba ta gama kwanciya ba, ki fita kina tuƙa mota a titi, duk wanda ya ga dama ya kalle ki?"

"Malamar islamiyyarmu ta ce mai takaba na iya fita da rana in akwai larura, in dai za ta dawo ta kwana a ɗakinta."

"Malamar islamiyya ba a garin nan aka haife ta ba."

Muhsina ta sunkuyar da kai. Ta damƙe makullin a hannunta.

"Inna, gonar babana ce wannan. Ita kaɗai ta rage mini, ni da Sumayya. In ta mutu a garken nan na rasa ta. In ta tafi Kano na rasa ta. To gara in fita a yi da ni."

Inna ta daɗe tana kallonta. Tunda aka kawo yarinyar gidan nan ba ta taɓa jin ta jera magana mai tsawon wannan ba.

"To da bakin wa za ki yi wa maza magana a can?"

Muhsina ba ta yi tunanin wannan ba. Ta ce, "Sai in yi da nawa."

"Ba ina raye ba."

Inna ta juya ta shige ɗaki. Muhsina ta zaci Ghali za a aika a kira. Sai ga tsohuwar ta fito da mayafi da buta da ƙullin goro, da 'yar wuƙar da Muhsina ta manta a kan tabarma.

"Ungo. Tun ba ki fita ba kin fara zubar da abubuwa. Kuma ba don ke zan je ba. Don kada a ce matar ɗana ta tsaya cacar baki da 'yan dako ne."

Inna ba ta taɓa shiga motar ba. Uzairu ya yi lallashin duniya, ta ce ita ba ta hawa abin da ke tafiya kamar aljani ba a jin sawunsa. Yau ta shiga da bisimilla, ta riƙe ƙofa da hannu biyu. Sai idonta ya faɗa kan carbin Uzairu da ke rataye a madubi. Ta kai hannu ta tsayar da shi don ya daina lilo, ta juya fuska waje.

Muhsina ta ajiye wuƙar a cinyarta, ta sa giya, motar ta sulale. Ta kashe fanka, ta kashe rediyo, ta sauke gilasai, don ta san duk abin da aka kunna daga cajin yake ci.

Hanyar fita gari ta gindin ɗinya take bi, kuma tsofaffi sun riga sun shimfiɗa buzu. Suka bi motar da ido. Wani a cikinsu, Malam Bala, ya ce da ƙarfi yadda za a ji, "Wannan ba mai takaba ba ce?"

Inna ta leƙo da kai ta taga. "Ita ce, Malam Bala. Da saƙo ne?"

Da suka wuce Inna ta ce, "Kin ga abin da kika jawo mini. Mutumin nan tare muka yi wasan ƙasa."

Hanya duk taɓo, masara da dawa sun kai gwiwa hagu da dama. Masu noma suka riƙa miƙewa suna dafa ƙugu suna kallo. A wani kwari suka tarar da shanun Fulani sun cika hanya, kuma da yake motar ba ta ƙara, shanun ba su ma san da ita ba. Sai da Muhsina ta danna hon makiyayin ya waiwayo ya kaɗa su gefe. Kafin su hau kwalta wani ɗan hoton kunkuru ya fito a allo, motar ta rage gudu da kanta. Uzairu ya taɓa nuna mata shi, ya ce in ta gan shi to caji ya zo ƙarshe. Ta taka totur, motar ta ƙi ƙarawa. Bas-bas da babura suka riƙa wuce su suna hon.

Inna ta ce, "Ko jakin Malam Bala ya fi wannan sauri."

Muhsina dai idonta na kan titi, bakinta na salati. A haka suka rarrafa har rufin sola ya bayyana yana ƙyalli.

Injin na ta ruri, ƙaiƙayi na tashi, 'yan dako na sauke buhunan shinkafa shanshera daga amalanke. Da suka ga wadda ta fito daga mazaunin direba, da baƙin zane da wuƙa a hannu, sai aiki ya tsaya. Malam Mujitaba ya fito yana karkaɗe dusa daga gemu. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya yi ta'aziyya, ya yi wa mamaci addu'a, aka shafa.

Muhsina ta matsa kusa da kunnen Inna. "Ki ce ina roƙon alfarma, ko zai bari in jona."

Inna ta ce, "Ta ce ka nuna mata inda ɗana yake jona abin nan."

Malam Mujitaba ya sosa ƙeya. "Inna, ai da marigayi muka yi magana. Yana kai mini kaya Kano, ina ba shi wuta. Yanzu kuma damina ce, wata ranar wutar ko injin ba ta isa. Kayan kuma wa zai kai?"

Muhsina ta sake raɗawa. "Ki ce in na fita takaba ni zan riƙa kaiwa."

Inna ta juyo ta dube ta sama da ƙasa. "Ke? Kano?"

"Ni."

Inna ta tauna goronta, ta tofar, sannan ta fuskanci mai injin. "Ta ce ita za ta riƙa kai maka. Kuma ba za ta tsaya shan shayi a Kura ba kamar wancan."

'Yan dako suka yi dariya, don kowa ya san halin Uzairu da mai shayi. Inna ma ta so ta yi, sai muryarta ta karye, ta ja mayafi ta goge hanci. Malam Mujitaba ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Rana ta Allah ce, ba tawa ba. Ta jona. Amma in hadari ya taso injin ne a gaba, shinkafar mutane na jira."

Muhsina ta zaro waya daga but, ta jona a soket ɗin da ke jikin bango, ta soka ɗaya bakin a motar. 'Yar fitilar ta ƙifta, ta ƙifta, ta tsaya a kore. Muhsina ta sauke numfashi.

Aka ba su tabarma a gindin darbejiya. Cajin irin wannan soket tafiyar hawainiya yake yi, Uzairu ma wuni yake barinta. Suka zauna, Inna na ƙorafin gwiwa da ƙaiƙayin da ke shiga mata ido, Muhsina na kallon sama. Suka yi azahar. Ba a jima ba gabas ta haɗe, iska ta taso, hadari ya rufe rana ruf. Malam Mujitaba ya zo da kansa ya kashe soket, ya ba da haƙuri. Ruwa ya kece. Suka fake a rumfar buhuna har bayan la'asar.

Da ruwa ya tsagaita Muhsina ta je ta duba allo. Kunkuru ya ɓace, amma layin na nan ja. Zai iya kai ta gida. Ba zai dawo da ita ba. In ta koma da motar garke yau, ta kai ta inda za ta mutu ne, kuma babu wata fita ta biyu.

Tana tsaye a nan babur ya tsaya a bayanta. Ghali ne, jiƙe sharkaf, ya goyo wani mai ƙiba da shadda ruwan toka wadda ta manne masa a jiki. Shi ne Maikano dillali, Ghali bai jira jibin ba ya je ya ɗauko shi.

Ghali bai ko kafe babur da kyau ba ya nufi uwarsa. "Inna, har da ke? Gari duk ya ɗauka. A masallaci aka tare ni da zancen."

Inna ta ce, "Sai ka ce musu kana da uwa ita ta raka ta."

Maikano ya gaida kowa cikin ladabi. Ya zagaya motar, ya leƙa allo ta taga, ya girgiza kai.

"Inna, ni ba faɗa ya kawo ni ba. Wannan cajin ba zai kai ta gida ya dawo da ita ba, ita ma ta sani. Ga rana na shirin faɗuwa. Mai takaba kuwa a ɗakinta take kwana, wannan ba al'ada ba ce, addini ne. Ta ba ni makulli ku tafi gida. Ni zan san yadda zan yi da ita, in kai ta inda wuta ba ta yankewa. Ran da ta fita takaba sai a zauna a yi magana."

Gaskiya ya faɗa game da kwana, kuma Muhsina ta san gaskiya ce. Ko me za a yi, magariba a ɗakinta za ta same ta.

Inna ta gaji, sanyi ya shige ta, zaninta duk laka. Ta ce a hankali, "'Yar nan, kin yi iya yinki. Allah ya gani, ni ma na gani. Ba shi kawai mu tafi."

Muhsina ta riƙe makullin gam. Ta dubi motar, ta dubi rufin injin inda ruwa ke ɗiga daga farantan sola. Injin ba ya fara aiki sai hantsi, Uzairu ya sha gaya mata masu shinkafa a makare suke isowa. Ke nan ranar safe tana zuba a kan rufin nan ba mai shan ta.

Ta matsa ta raɗa wa Inna, "Ki tambaye shi ko motar za ta iya kwana a nan a jone, ta sha ranar safe kafin ya tayar da inji."

Inna ta faɗa, wannan karon ba ƙari. Malam Mujitaba ya ce, "Wannan mai sauƙi ne. Ga maigadi nan yana kwana. In na zo da safe sai in kunna mata."

Ghali ya ce, "To madalla. Sai a bar makullin wajen Maikano, gobe in ta cika ya wuce da ita."

Muhsina ta sake kai baki kunnen Inna. "Ki ce makulli yana hannuna. Gobe ni zan dawo in ɗauke ta."

Inna ta janye kanta. "Fita biyu? Yau an ce larura, gobe kuma a ce me? Wannan ba zan faɗa ba."

"Inna, don Allah."

"Na ce ba zan faɗa ba."

Maza uku na tsaye suna jira, 'yan dako sun jingina da buhuna sun zuba ido. An kashe inji, wurin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga kwano. Muhsina ta taka ta je ta gyara wa wayar zama a jikin motar, ta ɗaga gilasai, ta rufe ƙofa. Ta danna makulli, fitilu suka ƙifta, ƙofofi suka kulle. Ta ƙulle makullin a haɓar zaninta, ƙulli biyu. Sannan ta juyo. Ba ta ɗaga ido ba, ba ta kuma ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Yaya Ghali, na gode da wahalar da ka sha, Allah ya saka. Motar nan ba ta zuwa Kano. Gobe zan dawo in ɗauke ta. Duk ranar da ta nemi caji kuma zan kawo ta da kaina, in koma in kwana a ɗakina. Mai magana ya yi maganarsa."

Tun ranar rasuwa ba namijin da ya ji muryarta sai yau. Ghali ya juya wajen uwarsa.

"Inna, kin ji ta yi mini magana."

"Na ji. Ba kurma ba ce ni."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Me kake so in ce? Makullin dai ga shi can a haɓar zanen mai takaba. In kana da hannun kwancewa, je ka kwance."

Ghali ya dubi ƙullin, ya kawar da kai. Maikano ya matse ruwa daga hannun rigarsa, ya yi 'yar dariya. "Malam Ghali, ka sa ruwa ya dake ni a banza. Mayar da ni tasha."

Malam Mujitaba ya tsayar musu da bas mai zuwa Yako, ya ce wa kwandasta a ba Inna gaba. Daga Yako kuwa sai ƙafa, don babura sun ƙi shiga hanyar saboda taɓo. Suna cikin tafiya Ghali ya cim musu, ya tsaya kusa da uwarsa, bai dubi Muhsina ba.

"Hau in kai ki."

"In hau in bar mai takaba ita kaɗai a daji? Wuce."

Ya wuce, tayar baya na watsa laka. Inna takan tsaya ta dafa gwiwa, Muhsina ta miƙa hannu, ta ture. Silifas ɗin Muhsina ya tsinke a wani kududdufi, ta cire ɗayan ta riƙe su a hannu ɗaya da wuƙar, ta ci gaba ba takalmi. Rana ta yi ja a bayan dawa. Suka ƙara sauri, tsohuwa na haki, yarinya na kallon yamma.

Ladan na gyaran murya suka sa ƙafa a zaure. Bushira ta miƙo Sumayya ta kan katanga, bakinta cike da tambaya, Muhsina ta ce sai da safe. Ta wanke ƙafa, ta yi alwala, ta yi magariba a ɗakinta.

Da ta idar ta fito da jiƙaƙƙen mayafinta. Inna na zaune a bakin ƙofarta tana shafa man zafi a gwiwa.

"Gobe ni ba inda za ni," in ji Inna.

"To, Inna."

"Ke ma da kin ji magana da kin zauna."

"Ni zan je."

Muhsina ta matse mayafin, ta yarfa shi, ta baza a igiya inda iska ke bi don ya bushe kafin safiya. Ta juya za ta koma ɗaki sai wani abu mai sanyi ya faɗo mata a kafaɗa. Mayafin Inna ne.

"Shanya har da nawa. Ban ce zan je ba."